Abubuwan Da Ke Riƙe Gajeren Labari

A makaranta mukan ce wa yara su rubuta labari, sai yawancinsu su kawo mana lissafin abin da suka yi tun safe har dare: na tashi, na wanke fuska, na sha koko, na tafi. Wannan rahoto ne. Labari kuwa yana da duwatsun murhu uku da yake zama a kansu, kuma kakanninmu sun san su tun kafin zuwan boko, gama ba tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da ta rasa su.

Na fari shi ne mutum, wanda masana ke kira tauraro. Gajeren labari ba ya ɗaukar taro, mutum biyu ko uku sun isa. Amma dole ɗaya daga cikinsu ya kasance yana son wani abu ƙwarai. A ce ga wani manomi a ƙasar Babura, mu sa masa suna Tanko. Ruwan shuka ya sauka da dare, shi kuwa yunwar bazara ta sa iyalinsa sun cinye irin geronsa. Abin da yake so a fili yake: iri, yau, kafin ƙasa ta bushe.

Na biyu shi ne abin da ya tare masa hanya. In Tanko ya je kasuwa ya sayo iri ya shuka, magana ta ƙare, ba wanda zai saurara. To, amma a ce ba shi da ko kwabo, kuma mai sauran iri a unguwar shi ne maƙwabcin da suka yi shekara biyu ba sa gaisawa saboda iyakar gona. Nan mai sauraro zai gyara zama. Abubakar Imam ya san wannan sarai. A cikin Magana Jari Ce, wanda littafinsa na fari ya fito a 1937, aku yana ba ɗan sarki Musa labari bayan labari don ya hana shi fita daga gida. Da labarin ya yi sanyi, da yaron ya fice. Haka mai karatunku yake, ƙafarsa ɗaya tana bakin ƙofa.

Na uku shi ne warwara. Tanko zai haɗiye girman kai ya yi sallama a ƙofar maƙwabcin, ko zai bar gonarsa ta kwana? Duk wanda ya zaɓa, ya kamata ƙarshen ya fito daga halinsa. Kada a kawo wani attajiri daga Kano da buhun iri a sakin layi na ƙarshe. Ku duba misalin ɗan da ya ɓace a Luka sura 15: uba da 'ya'ya biyu, yunwa, shawarar komawa gida, ga kuma wan yana tsaye a waje da fushi. Cikin 'yan ayoyi aka gama kome.

Game da wuri kuwa, ku rubuta inda kuka sani. Yaron Roni ya san duwatsun garinsu, na Kazaure ya san bakin dam da masu su, na Gwiwa ya san yadda hanyar gona ke zama da damina. Abu ɗaya da ido ya gani ya fi jimla goma ta ado. Jigo ma kada a ɗora shi kamar wa'azi a ƙarshe. In labarin ya tsaya daidai, mai karatu zai tsinci darasin da kansa.

Wannan aiki yana da tarihi a ƙasarmu. Gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933 ita ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, kuma a 2016 sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar Hikayata ta gajerun labarai don mata. Marubutan gobe suna cikin gidajenmu. Iyaye, a watan nan ku sa yaro ya zauna da kakarsa, ta ba shi tatsuniya ɗaya, ya rubuta ta da Hausa, sa'an nan ku tambaye shi: wa ke neman abu, me ya hana shi, yaya aka ƙare? Tsofaffin nan ba za su dawwama ba, kuma abin da ba a rubuta ba zai bi su.