A Fara Koya Wa Yara Tarihi Tun Suna Ƙanana

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi magana da 'yan'uwana manoma da 'yan tireda.

Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Rano da Kibiya, in rani ya yi kuma in taɓa koli. Boko iyakata firamare. Ƙananan yarana uku a gida suke karatu saboda makaranta ta yi mana nisa. Da safe allo a zaure, da daddare yayarsu ta koya musu baƙi da lissafi.

Rannan a kasuwa ɗana mai shekara 6 ya ji maroƙi yana kirarin Autan Bawo, sai ya ce, "Baba, wane ne Bawo?" Ina cikin ba shi amsa, maƙwabcin rumfata ya ce, "Haba Malam, bar yaro ya yi wayo tukuna, tarihi ai sai sakandare." To, ni dai ban yarda ba, ga kuma dalilina.

Gwamnati ta cire tarihi daga darussan firamare wajen 2009, sai 2022 aka yi bikin maido shi. Wanda ya ce zai jira makaranta a tsakanin nan, me ɗansa ya samu? Ni ma jiran ne ya cuce ni. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi lebura a dam ɗin Tiga da aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ya san sunayen ƙauyukan da aka tasa saboda ruwa da inda mutanensu suka koma. Kullum ina cewa gobe zan tambaye shi, har ya rasu ban tambaya ba. Yau ko guda biyu ba zan iya kawowa ba.

A ganina, ranar da yaro ya fara tambayar "wane ne" da "me ya sa", wajen shekara 5 ko 6, ranar ce lokacin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma kada a ɗora masa kayan da ya fi wuyansa. A fara da gida: sunan kakansa, daga ina suka zo, wa ya sare gonar da muke nomawa. In ya kai 7 ko 8 sai a shiga gari, a gaya masa Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma magabata sun ce ita da Kano su ne sarakunan baba, wato rini. Shekaru sai ya iya lissafi, wajen 9 ko 10. Sannan zai gane cewa kasuwar Kurmi da muke saro kaya tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, sama da shekara 500, kuma Turawa ta Bebeji, nan kusa da mu, suka bi suka ci Kano a 1903.

Sai dai a raba masa tatsuniya da tarihi. Gizo da Ƙoƙi a rufe da ƙurungus. Labarin Bayajida a ce masa haka magabata suka faɗa. Abin da kakansa ya gani da ido kuwa a ce masa wannan shaida ce.

Jama'a, wannan karatu ba ya cin ko kwabo. Duk mai tsoho ko tsohuwa a gida ya shimfiɗa tabarma bayan sallar isha, ya tara yara, kada ya yi irin sakacina. Allah ya shirya mana zuri'a, amin.

Naku,
Wani manomi,
daga ƙasar Rano, Jihar Kano.