'Yan Mazan Jiya: Wa Ya San Halin Lafiyarsu?

A wannan fitowa za mu leƙa gidajen tsofaffin sojoji na Madina, Nima da Maamobi a birnin Akara, domin mu tambayi lafiyarsu, tambaya ta gaske ba ta gaisuwa ba.

Zango da aikin soja sun daɗe tare. A zamanin Turawa, Hausa ce harshen bariki a ƙasar da ake kira Gana a yau, kuma da ita aka yi wa dakaru da yawa umarni a dazukan Bama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da suka dawo ba a cika musu alkawari ba. Ranar 28 ga Fabrairu, 1948, suka yi tattaki zuwa fadar Gwamna a Osu don kai kokensu, aka harbe uku daga cikinsu: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Kusan duk mutanen wancan zamani sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda ke zaune a ƙofar gidajenmu yanzu su ne suka yi aikin kiyaye zaman lafiya a Labanon tun daga 1979, da Laberiya a 1990, da Ruwanda a 1994, inda sojojin Gana suka tsaya cikin kisan kiyashi bayan wasu ƙasashe sun janye nasu.

Hukumar kula da tsofaffin sojoji ta Gana, wadda dokar 2012 ta kafa, tana da rajistar sunaye. Amma rajista tana nuna cewa mutum yana raye ne kawai. Ba ta faɗin ko yana barci da dare, ko kunnensa ya dushe saboda ƙarar bindiga, ko ya daina shan maganin hawan jini don kuɗi sun ƙare kafin wata ya mutu. Wannan sai an bi mutum har gida an tambaye shi.

Amurka ta yi haka ga sojojinta da suka yi yaƙin Biyetnam. Binciken da aka kammala a 1988 ya gano cewa kimanin kashi 15 cikin 100 na mazan da suka je fagen daga suna fama da ciwon firgicin yaƙi a lokacin, shekaru fiye da 10 bayan an ajiye makamai, kuma kusan kashi 30 sun taɓa fama da shi. Ba a ga wannan a rajistar fansho ba.

Sai dai a zango akwai wata matsala. An horar da soja kada ya yi raki, mu kuma al'adarmu ta koya masa ya ce "lafiya lau" ko da yana kwance. Idan aka haɗa biyun, ma'aikacin lafiya zai cika takardarsa da amsoshi masu daɗi ya tafi. Tambaya kan taba sigari, barasa ko ƙwayoyin kashe zafin ciwo kuwa, wane dattijo zai amsa ta a gaban surukansa? Mu a ganinmu, uwargida ta fi kowa sani: ita ke jin sa yana zabura cikin dare, ita ta san ko ya ci tuwo. Binciken da bai saurare ta ba ya rasa rabin labari, kuma ya kamata a keɓe maigida a tambaye shi a asirce.

Abin da ya rage mana ba shi da tsada. Asibitin Soja na 37 yana kusa da Nima, akwai babban asibiti a Maamobi, asibitin Pantang mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa kuma bai yi nisa da Madina ba. Wanda ya kai shekara 70 an ɗauke masa kuɗin zubi na inshorar lafiya ta ƙasa, amma sai an sabunta katin. Kafin a raka Baba wurin likita, ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya sami ƙaramin littafi ya rubuta ƙasashen da ya yi aiki da shekarun, da raunin da ya taɓa ji, da magungunan da yake sha har da na gargajiya, da awon jininsa da na sukarinsa na ƙarshe, da yawan dararen da bai runtsa ba a makon da ya wuce.