Matar da aka cuta ba ta bukatar sayen 'yancinta

A ƙauyukan Ɗambatta, Makoɗa da Kunci, inda gona ke jingine da gona, da zarar an kammala girbin gero da dawa sai maza su kama hanyar ci-rani. Mafi yawansu suna aiko da abin cefane. Wasu kuwa shiru, har damina ta zagayo. Matar da aka bari haka, in haƙurinta ya ƙare ta nufi kotun shari'a, kalmar da ta fi saurin shiga kunnenta ita ce hul'i: ta mayar da sadaki, a sallame ta.

Alhali ba ita kaɗai ce ƙofar ba. Kotunan shari'ar Kano suna hukunci ne da mazhabar Malikiyya, wadda ta yalwata wa mace hanyoyin rabuwa. Alƙali na iya raba aure idan miji ya kasa ciyarwa, bayan an ɗiba masa wa'adi. Ko ya tafi bai bar komai ba. Ko ya rantse ya ƙaurace mata fiye da wata huɗu. Ko aka tarar da aibi irin hauka ko kuturta. Mafi faɗi duka ita ce cutarwa: duka, zagi, wulaƙanci. A nan ba ta biyan ko kwabo. Malamai ma sun karɓi shaidar abin da ya yaɗu a bakin maƙwabta, domin sun san ba a gayyatar shaidu kafin a mari mace a ɗaka. Wadda ta riga ta biya hul'i, daga baya ta tabbatar da cutarwa, tana da haƙƙin a dawo mata da dukiyarta.

To me ya sa hul'i ya fi yawa a bakin mutane? Domin ya fi sauƙi ga kowa ban da ita: babu neman shaidu, babu tone-tonen asirin gida. Sauran hukunce-hukuncen kuma suna kwance cikin Larabcin Muhtasar Halil da Tuhfatul Hukkam, inda mai ƙuli-ƙuli daga Tsanyawa ba za ta taɓa leƙawa ba. Sadakin da ake cewa ta mayar ya daɗe da narkewa cikin kayan ɗaki, sai dai mahaifinta ya sayar da akuya ko ya jinginar da gona.

A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya sanar da shirin kundin dokar iyali. Muhawara ta maƙale kan ko talaka zai ƙara aure, har aka sauke shi a 2020 kundin bai zama doka ba. Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta sabunta nata tun 2004. Majalisar Dokokin Kano ba sai ta warware kowace taƙaddama ba kafin ta rubuta dalilan raba aure da Hausa, ta kuma wajabta wa alƙali ya karanta wa mace su kafin a ambaci sadaki.