Girgizar Ƙasa da Gonar Gado

Zuwa ga Edita,

Ga maganata ta wannan mako.

Shekaranjiya wani ƙanena, mai gyaran waya a nan Katsina, ya zo mini da shawara, wai zai sayar da rabonsa na gonar gado ya sayi hannun jari a kamfanin ƙera cip, watau 'yar ƙwayar nan da ba ta fi farce ba, wadda ita ce ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta da mota. Ya ce riba ba shakka. Na ce ya zauna ya ji tukuna.

Mafi yawan cip masu ƙwari a tsibirin Taiwan ake ƙera su, wajen kamfanin TSMC, kuma tsibirin nan ƙasarsa ba ta zauna lafiya. Ran 21 ga Satumba, 1999, ta girgiza, mutum fiye da 2,000 suka halaka, lantarki ya yanke a ma'aikatun Hsinchu, aka rufe kasuwar hannun jari kwanaki, cip ya yi tsada ko'ina a duniya. Ran 11 ga Maris, 2011, abin ya auka wa Japan, ma'aikatar Renesas ta Naka ta tsaya sai watan Yuni, har Toyota ta rage ƙera motoci.

Dalili kuwa shi ne aikin cip yakan ci wajen wata uku, bisa faifai mai laushin rai. In ƙasa ta motsa, abin da ke cikin injin ya ɓaci, sai a sake.

Amma gaskiya ɗaya ce, kamfanonin sun yi hankali. Da girgizar 3 ga Afrilu, 2024 ta zo, TSMC ta ce cikin awa 10 ta ta da injunanta fiye da kashi 70 cikin 100. To, kamfani mai ƙarfi ya iya jure hasarar wata guda. Magidancin da ya sayar da gonarsa fa? In daraja ta faɗi ran da iyali ke bukatar hatsi, tilas ya sayar da hannun jarin a wulakance.

Saboda haka, ya ku malamai da akawuna, ban ce kada ku saya ba. Ku saya da rarar da ba za ku nema ba cikin shekara biyar, ku rarraba ta, kada ku ci bashi dominta. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Ƙanen nawa dai ya ce zai kwana da maganar. Ni kuwa na roƙi Allah damina ta riske shi da gonarsa.

Naku,
Akawu, Katsina.