Tambaya Kafin Suna: Koyar da Tankaɗen Lantarki ta Hanyar Bincike

Gabatarwa

Daga cikin darussan kimiyyar halittu da ɗalibai kan haddace ba tare da sun fahimta ba, akwai wanda ake kira jel ilektiroforesis. Malami yakan rubuta wannan dogon suna a allo, ya zana akwati da 'yan layuka, ɗalibai su kwafa, a tashi. Ra'ayin da wannan maƙala ke karewa shi ne, a irin wannan darasi ya kamata tambaya ta riga suna, gani kuma ya riga bayani. Domin sauƙaƙawa, za mu kira aikin da sunan tankaɗen lantarki.

Mene ne Tankaɗen Lantarki?

Dabara ce ta rarrabe ƙananan sinadarai gwargwadon girmansu da cajin da suke ɗauke da shi. Akan dafa garin agaros, wanda ake samu daga ciyawar teku, a bar shi ya daskare ya zama jel mai ƙananan kafofi. Sai a ɗiga samfuri a 'yan ramuka a gefe guda, a saki lantarki. Sinadarin gado, wato DNA, yana ɗauke da caji mai alamar ɗebewa, saboda haka yakan nufi sandar da ke da alamar tarawa. Gajerun gutsattsari sukan yi nisa, dogaye kuma su tsaya kusa, kamar yadda yaro ke ratsa cunkoson kasuwa ya bar mai ɗauke da dami a baya.

Wannan ilimi bai yi nisa da rayuwarmu ba. A shekarar 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa sinadarin himogulobin na masu amosanin jini, wato sikila, yana tafiya daban da na masu lafiya idan an saki lantarki. Wannan ne tushen gwajin jini da ake yi kafin aure. Nau'in A yakan riga nau'in S, don haka jinin mai AS kan nuna layi biyu. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi 1 cikin 4 na haifar da mai SS. Ɗalibin da ya fahimci yadda layukan nan ke fitowa ba zai ɗauki takardar gwaji da wasa ba.

Yadda Darasin Zai Kasance

Malami ya fara da kalolin abinci, ba tare da ya faɗi sunan darasin ba. Ya raba ɗalibai rukuni-rukuni, ya ba kowane rukuni ƙaramar roba, da jel, da ruwan da aka narka bakar hoda a ciki, da waya, da batura 5 masu bolt 9. Kafin a haɗa waya, ya tambaye su: ina kalar za ta nufa? Wacce za ta riga? Kowa ya rubuta hasashensa da dalilinsa. Bayan sun ga kore ya rabu zuwa shuɗi da rawaya, sai sababbin tambayoyi su taso. Me zai faru idan aka juya batura? Idan aka ƙara kaurin jel fa? Ɗalibai su tsara gwajin da kansu, su canza abu ɗaya tak a kowane karo, su auna nisa da rula. Sai a ƙarshe malami ya kawo suna da ƙa'ida, ya danganta su da DNA da gwajin jini.

A nan ne harshe ya shigo. Ɗalibin da ke fama da Ingilishi yakan yi shiru, malami ya zaci ya gane. Idan aka bar rukuni su yi muhawara da Hausa, za a ji wani ya ce, "Ai wannan rariya ce." Malami ya karɓa, sannan ya tambaya: rariya tana tare tsaki, shin jel ya tare wani abu? Da sun lura cewa kowa na wucewa, sauri ne ya bambanta, to sun kai ga zuciyar darasin.

Hujjojin Masu Suka

Wasu za su ce manhaja tana da faɗi, lokaci kaɗan ne, kayan aiki kuma babu. Gaskiya ne hanyar bincike tana cin lokaci, kuma ba kowane darasi ne za a koyar da ita ba. Sai dai abin da aka haddace don jarrabawa yakan tafi tare da jarrabawar. Game da kayan aiki kuwa, a shekarar 1955 Oliver Smithies da sitacin dankali ya haɗa jel ɗin da ya rarrabe sinadaran jini. Wajibi ne dai malami ya kiyaye lafiyar ɗalibai: kada a haɗa gwajin da wutar gida, kada a taɓa ruwan alhali batura na haɗe, kada kuma a kawo jinin mutum cikin aji.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, kuma matambayi ba ya ɓata. Aikin da ke gaban malamin gobe shi ne ya koyi haƙurin riƙe amsa a bakinsa har sai ɗalibi ya nemo ta da hannunsa. Malamin Hausa kuwa yana da nasa rabon: ya zauna da malamin kimiyya su samar da kalmomin da ɗalibi zai yi tunani da su.