Takardar Asali da Haƙƙin Wanda Aka Haifa a Gari

Yaron da aka haifa a Jos, ya yi karatu a Jos, aka binne ubansa da kakansa a Jos, yana iya zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma neman takardar shaidar asali a ce masa ya je garin kakanninsa ya karɓo. In babu wannan takarda, tallafin karatu da aikin gwamnatin jiha da shiga soja ko ɗan sanda duk sun yi masa nisa. A ganina, tarukan zaman lafiya da ake kira bayan kowace tarzoma ba za su yi tasiri mai ɗorewa ba muddin hukuma da kanta tana raba mazauna gari ɗaya gida biyu, 'yan ƙasa da baƙi.

Tsarin mulkin 1999 ma baki biyu ya yi a kan lamarin. Sashe na 41 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama inda ya ga dama, na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin da ya fito. Amma sashe na 147 ya ce a naɗa minista daga kowace jiha, kuma lalle ya zama ɗan asalinta, sai aka bar wa shugabannin ƙananan hukumomi tantance wane ne ɗan asali. Jos ta ɗanɗana kuɗar haka. Tun da gwamnatin Babangida ta ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991, tambayar wa ke da garin take ta cin rayuka. Rikicin 1994 a kan naɗin shugaban riƙo ya tashi. Na Satumbar 2001, wanda ya halaka kimanin mutum 1,000, ya biyo bayan taƙaddama kan muƙamin jami'in yaƙi da fatara, na Nuwambar 2008 kuma zaɓen ƙaramar hukuma ne ya kunna shi. An ƙona masallatai da coci-coci, amma muƙami da haƙƙin zama ne tushen wutar.

Bahaushe ya fi kowa cancantar gane zafin wannan abu, domin ya san zaman rinjaye ya kuma san zaman tsiraru. A Kano da Katsina shi ne mai gari. A Shagamu a 1999 da kasuwar Sasa ta Ibadan a 2021 shi ne baƙon da aka far wa. A Ghana kuwa, dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta tashi iyalai da dama daga zango-zango, har da waɗanda ba su taɓa sanin wani gida ba. To, abin da muke nema wa ɗan'uwanmu a Filato dole mu yarda mu ba Ibo ko Bayaraben da aka haifa a Sabon Garin Kano, unguwar da ta haura shekara 100. Haka nan Hausawa Kiristoci na karkarar Kano da Katsina, waɗanda ba wanda ke musun asalinsu, sun daɗe suna kukan wahalar samun filin ibada da guraben aiki, kuma kukan nasu ya isa a saurare shi da gaske.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujja mai nauyi, bai kamata a raina ta ba. Birom da Anaguta da Afizere na Filato, haka ma Atyap na Zangon Kataf, suna tsoron in aka cire shingen asali manyan ƙabilu za su shanye su da yawa da kuɗi, alhali ba su da wata ƙasa da za su koma. Wannan tsoro tsoho ne, shi ya sa Turawa suka kafa kwamitin Willink a 1957, wanda ya ƙi bayar da shawarar ƙirƙiro sababbin jihohi, ya zaɓi a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki. Sai dai akwai abubuwa biyu da aka cakuɗa. Sarautar gargajiya da gonakin gado da wuraren al'ada da harshe na masu su ne, doka ta tsare musu su da ƙarfi, ta hukunta mai ƙwace. Makaranta da asibiti da aikin gwamnati da tsayawa takarar kansila kuwa da dukiyar kowa ake yin su, don haka duk wanda ya zauna shekarun da doka za ta ƙayyade, yana biyan haraji, ya cancance su. Shekaru masu yawa na takardar asali ba su ba ƙananan ƙabilun Filato kwanciyar hankali ba, unguwanni suka rabu bisa addini har wani ba ya iya kwana a unguwar wani.

Wasu kuma za su ce doka ba ta gyara zuciya. Gaskiya ne, amma yaran da suka zauna aji ɗaya, suka nemi aiki a layi ɗaya, sun fi wuyar zugawa a kan juna. Gwamnatin Kaduna a zamanin Nasiru El-Rufa'i ta bayyana soke bambancin ɗan ƙasa da baƙo, sai dai jiha ɗaya ba ta iya wannan aiki yayin da hukumomin tarayya ke ci gaba da neman takardar asali wajen ɗaukar aiki. Gyaran yana hannun Majalisar Tarayya da majalisun jihohi 24 da tsarin mulki ke buƙatar amincewarsu, kuma wakilan Arewa, da mutanensu ke warwatse a kowace kasuwa ta ƙasar nan, su ya kamata su fara gabatar da ƙudirin.