Wai Zuciya Ce Ta Ɗebe Shi

Na gaji da jin wannan magana: "Zuciya ce ta ɗebe ni." Mutum ya kumbura wa matarsa ido a kan gishirin miya, ko ya zane yaron shagonsa har ya suma, sai a taru ana ba shi haƙuri, shi ɗin fa, wai sharrin Shaiɗan ne, ai ka san wane da zuciya. To wace irin zuciya ce wannan mai ido? Shi dai wannan jarumin, in soja ya sharara masa mari a shingen hanya ya sa shi tsallen kwaɗo, hularsa zai ɗauka ya kaɗe, ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, oga." Kura ta san gidan mai babbar sanda.

Ban ƙaryata likitoci ba. Fushi kan sa jiki ya saki sinadarin adirenalin, ƙirji ya buga, hannu ya yi rawa, tunani ya tsuke. Amma wannan tafasar ba ta kwana. Ƙullaci ne ke kwana, mutum ya yi ta juya abu a ransa har ya nuna. Ku tuna Larabar Abasawa a Gezawa, watan Mayun 2024. A kan rabon gado mutum ya nemo fetur, ya jira sallar Asuba, ya watsa, ya cinna, ya kulle ƙofar masallaci da mutane a ciki. Rai sama da 20. Wanda idonsa ya rufe ne zai tsaya lissafin lokacin salla?

Fushin taron jama'a ya fi ban takaici. A watan Maris na 2025 aka ƙone mafarauta 16 a Uromi suna hanyar zuwa gida Salla, muka yi kuka, kuma da gaskiyarmu. Sai dai mu ma a kasuwanninmu, da an ce "ɓarawo!" shi ke nan, babu mai tambayar me ya sata, wa ya gani. Fetur ɗin da tun 2023 muke kukan ya gagari talaka, nan take sai ga shi a gora, ga tsohuwar taya, ga masu ɗaukar bidiyo.

Shi kuwa wanda ya kwashe kuɗin asibitin garinmu, in ya zo ɗaurin aure, mu ne masu matsa masa sahun gaba, muna rige-rigen gyara masa takalmi. Ranar ba wanda zuciya ke ɗiba. Ko mutum ɗaya!